Tambaya da Amsa: Wa ke ganin shafukan da kake shiga a kwamfuta?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili kwanan nan kusan duk abu ɗaya suke zagayawa, wato yadda mutum zai yi harkarsa a intanet ta kwamfuta ba tare da an bi sawunsa ba. Kafin mu shiga amsa su, akwai tambayar da muke so kowa ya fara yi wa kansa: wa nake so in ɓoye wa? Wanda zai zauna gaban kwamfutar bayan ka tashi daban ne, mai layin intanet daban, masu shafuka da masu talla daban, sannan ga asusunka na Google ko Microsoft da ke riƙe da nasa lissafin. Abin da ke kare ka daga ɗaya ba ya kare ka daga sauran, kuma a nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfuta ɗaya muke amfani da ita a gida, ni da maigidana da ƙannensa biyu. Ina yawan binciken abin da ya shafi lafiyata, kuma ba na so yaran su gani. An ce mini in riƙa buɗe Incognito. Shin hakan ya wadatar?
Daga wata uwargida a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara lafiya. Ga irin buƙatarki ya kusa wadatarwa, sai dai ki san inda iyakarsa take.

Idan Chrome ko Edge kike amfani da ita, ki danne Ctrl da Shift tare sannan ki taɓa N. A Firefox kuwa Ctrl da Shift da P ne. Sabuwar taga za ta buɗe, ita ce Incognito ɗin, wato tagar sirri, kuma ki tabbatar da alamarta kafin ki rubuta komai: a Chrome hoton hula da tabarau ne, a Edge kalmar InPrivate, a Firefox kuma ɗan abin rufe fuska mai launin shunayya. Duk shafin da kika shiga a cikin wannan taga ba ya shiga tarihin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, abin da kika cike a fom ba a ajiye shi, kuma 'yan fayilolin da shafuka ke dasawa don su gane mutum, waɗanda ake kira kukis, suna gogewa da zarar kin rufe.

Kalmar "rufe" ɗin nan ce ke kayar da mutane. Rufe murfin laftof ba rufe taga ba ne, duk wanda ya ɗaga murfin zai tarar da shafin yadda kika bar shi. Haka kuma idan kin buɗe tagar sirri biyu ko uku, zama ɗaya suke yi, ba abin da zai goge sai kin rufe ta ƙarshe. Na biyu, duk fayil ɗin da kika sauke, ko takardar bayanin magani ce ko hoto, yana nan daram a jakar Downloads, kuma idan kin buɗe shi sunansa zai bayyana a jerin fayilolin kwanan nan na File Explorer. Shafin da kika yi wa alamar ajiya shi ma yana nan. Na uku, idan kin latsa mahaɗi daga cikin wata takarda ko wata manhaja, galibi a taga ta yau da kullum zai buɗe, ya shige tarihi ba ki sani ba. Sai kuma wani ƙaramin wuri da ba a cika tunawa da shi ba: ki danna maɓallin Windows tare da V. Idan an kunna ajiyar abin da aka kwafa, za ki ga jerin rubutun da aka kwafa kwanan nan, har da naki. Akwai Clear all a samansa.

Shawararmu ta gaskiya ita ce a raba wa kowa ɗakinsa a cikin kwamfutar. A Windows 11 a shiga Settings, sai Accounts, sai Other users, a danna Add account. A Windows 10 sunan wurin Family & other users. Idan ta nemi imel ɗin Microsoft, akwai zaɓin cewa ba ki da bayanan mutumin, daga nan sai a buɗe asusu da suna da kalmar sirri kawai. Kowane asusu yana da nasa tarihin, nasa Downloads, nasa kalmomin sirrin da aka ajiye. A bar yaran a matakin Standard, domin mai matakin Administrator yana iya buɗe jakunkunan sauran. Duk sanda za ki tashi, ko da ɗauko ruwa ne, ki danna maɓallin Windows da L, allon zai kulle nan take. Kada ki ruɗu da abin da Chrome ke kira Profile. Shi ma yana raba tarihi, amma ba shi da kalmar sirri, latsawa ɗaya ce ke kai mutum cikin na wani.

Kuma kada ki ji wani nauyi a ranki don kin nemi wannan. Ciwo, bashi, matsalar aure, duk abubuwa ne da mutum ke da haƙƙin rufewa, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane.

Tambaya: Na goge tarihin burauzata kaf a kwamfuta, amma da abokina ya ari wayata ya taɓa wurin bincike, sai ga duk abin da na nema a kwamfutar ya jero. Ta ina ya biyo?
Daga wani matashi a Kano

Amsa: Ta asusunka na Google ya biyo, ɗan'uwa. Tarihi iri biyu ne. Akwai wanda burauza ke ajiyewa a kwamfutarka, akwai kuma wanda Google ke ajiyewa a wurinsa muddin ka shiga asusunka kana bincike. Ka goge na farko, na biyun ko taɓa shi ba ka yi ba, kuma shi ne ke bayyana a duk na'urar da ke ɗauke da wannan asusu. Ko a tagar sirri kake, da zarar ka shiga Gmail ɗinka, binciken da ka yi a Google daga nan da sunanka ake rubuta shi.

Ka buɗe myactivity.google.com. Za ka ga binciken da ka yi, da rana da lokaci. Ka danna Delete ka zaɓi All time. Daga nan ka shiga Web & App Activity, ko dai ka kashe shi gaba ɗaya, ko ka sa ya riƙa goge kansa. Zaɓi uku ne: wata 3, wata 18 ko wata 36. Mu dai wata 3 muke ba da shawara. Tarihin YouTube yana da nasa maɓallin daban a wannan shafi, kada ka manta da shi. Mai amfani da Edge da asusun Microsoft zai sami makamancin wannan a account.microsoft.com/privacy.

Ka kuma sake duba gogewar da ka yi a kwamfutar. Ctrl da Shift da Delete ne ke buɗe akwatin gogewa, kuma sau da yawa an saita shi a kan ɗan gajeren lokaci, kamar awa ɗaya da ta wuce. Wanda bai canza shi zuwa All time ba, na yau kawai ya share. A cikin ƙarin zaɓuɓɓuka akwai bayanan cike fom, su ne ke sa sunanka da lambar wayarka su faɗo da kansu idan wani ya fara rubutu. Goge kukis zai fitar da kai daga duk asusun da kake ciki, don haka ka tabbata kana riƙe da kalmomin sirrinka kafin ka danna. Idan kuwa adireshi ɗaya ne kawai ke damunka yana leƙowa a wurin rubuta adireshi, ka sauko kansa da kibiyar ƙasa, ka danna Shift da Delete.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, a shagon intanet nake cike fom ɗin makaranta da na neman tallafin karatu. Yaya zan yi in tashi ban bar komai a baya ba?
Daga wata ɗaliba a Gusau

Amsa: Malama, bari mu fara da abin da ba shi da daɗin ji: kwamfutar da ba taki ba, ba yadda za ki yi ki mayar da ita amintacciya ɗari bisa ɗari. Akwai manhajojin da ke naɗe duk harafin da aka buga, akwai ƙaramar na'ura mai wannan aiki da ake maƙalawa tsakanin wayar allon rubutu da ramin USB, kuma manhajar da shaguna ke ƙidaya lokaci da ita wani sa'in tana ba mai shago damar ganin allon kowa daga kujerarsa. Tagar sirri ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yawancin masu shago neman halalinsu suke yi, amma ba su kaɗai ke zama gaban na'urorin ba. Saboda haka harkar banki ba ta da gurbi a can, a wayarki za ki yi ta.

Shiri tun daga gida yake farawa. Ki kunna tabbaci mai mataki biyu a imel ɗinki, ta yadda ko an sace kalmar sirrin ba za a shiga ba sai da amincewar wayarki. Ya fi kyau ma ki buɗe imel na daban don rajista kawai, wanda ba ya haɗe da hotunanki da lambobin mutanenki. Abin da muke roƙon ɗalibai su daina shi ne barin mai shago ya buɗe musu imel da kansa, ya zaɓi kalmar sirri, ya sa lambar wayarsa a matsayin ta dawo da asusu. Duk wanda lambarsa ke wurin, shi ne mai asusun a zahiri. Ranar da aka manta kalmar sirri ko shagon ya tashi, saƙon gurbin karatu ko na tallafi zai je inda hannunki ba ya kai.

Idan kin zauna, ki buɗe tagar sirri. Duk inda burauza ta tambaya ko ta ajiye kalmar sirri, ki ƙi. Duk akwatin da ke cewa a riƙa tunawa da ke, ki cire masa alama. In kin gama, ki fita daga asusun ta Sign out ko Log out tukuna, sannan ki rufe tagar.

Sai takardu, waɗanda su ne suka fi zama a baya. Ctrl da J zai nuna miki jerin abin da aka sauke, amma share jerin ba ya goge fayil ɗin kansa. Ki shiga Downloads da Desktop da Documents da Pictures, ki zaɓi naki ki danna Shift da Delete, don kada su tsaya a kwandon shara. Idan an yi miki sikanin na takardar NIN, ko sakamakon jarrabawa, ko hoton fasfo, to kwafinsu yana kan kwamfutar da ke haɗe da injin, galibi ta mai shago. Ki roƙe shi ya goge a gabanki, haƙƙinki ne. Haka takardar da kika tura masa ta WhatsApp don ya buga miki.

Bayan kin fito, ki ɗauko wayarki ki shiga myaccount.google.com, sashen Security, ki duba na'urorin da ke cikin asusunki, ki fitar da kwamfutar shagon. A WhatsApp ki duba Linked devices idan kin haɗa shi da kwamfutar. A Facebook wurin yana ƙarƙashin Password and security. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki canza kalmar sirrin a ranar, daga wayarki.

Tambaya: Da MiFi nake haɗa kwamfutata. Shin kamfanin layin yana ganin abin da nake yi? Kuma VPN ɗin da nake da shi na kyauta yana hana su?
Daga wani ɗan kasuwa a Katsina

Amsa: Alhaji, yana ganin wani abu, ba ya ganin wani, kuma tagar sirri ba ta canza komai a nan, don aikinta a cikin kwamfutarka ya tsaya.

Yawancin shafuka yanzu adireshinsu da https yake farawa, ma'ana abin da ke tafiya tsakaninka da shafin a kulle yake. Kamar saƙon da ka ɗaure ka ba direba a tasha ne: ya san garin da za a kai, ya san nauyin kayan da lokacin da ka kawo, amma bai san abin da ke ciki ba. Kamfanin layi yana ganin sunan shafin, da lokaci, da yawan datar da ta wuce. Ba ya ganin wane labari ka karanta a ciki, ko me ka rubuta a wurin bincike, ko kalmar sirrinka. Mai Wi-Fi na otal ko makaranta shi ma iyakar ganinsa ke nan. Shafin da ke kan http zalla kuwa a buɗe yake, komai ana iya karantawa a hanya. Tun 2023 Chrome ta daina nuna alamar kwaɗo, don haka abin lura yanzu shi ne gargaɗin Not secure. Ka shiga Settings, Privacy and security, sai Security, ka kunna Always use secure connections. A Firefox sunansa HTTPS-Only Mode.

A wannan shafi na Chrome akwai Use secure DNS. Duk sanda ka rubuta sunan shafi, kwamfuta tana tambayar wata na'ura lambar adireshinsa, kuma a al'ada na'urar kamfanin layinka take tambaya, a fili. Idan ka kunna wannan ka zaɓi Cloudflare mai lamba 1.1.1.1, tambayar za ta tafi a kulle. Yana rage gani, amma bai rufe shi ba, domin sunan shafin kan bayyana a gaisuwar farko tsakanin burauza da shafin, kuma lambar adireshin inda ka nufa a bayyane take.

Dalilin da ya sa wannan ya shafe mu a Najeriya shi ne layi ba ya rabuwa da sunan mai shi. Tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta umarci kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan zirga-zirga da na masu layi har shekara 2.

VPN yana ɗaukar duk zirga-zirgarka ya kulle ta zuwa na'urar kamfanin VPN ɗin, daga can ta fita duniya. Kamfanin layi zai ga ka haɗu da VPN ne kawai, shafuka kuma za su ga adireshin VPN maimakon naka. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba: abin da kamfanin layi ya daina gani, yanzu mai VPN ne ke ganinsa. Lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, jama'a da yawa sun sauke duk VPN ɗin da suka fara cin karo da shi, wasu har yau yana kan na'urorinsu ba su san na wane ne ba. Gudanar da VPN kuɗi yake ci, wanda bai karɓi kuɗinka ba sai ka tambayi ta ina yake mayarwa. Onavo, wanda Facebook ya saya a 2013, VPN ne na kyauta da aka yi amfani da shi wajen nazarin abin da mutane ke yi a wayoyinsu, har aka rufe shi a 2019. A 2015 kuma aka gano Hola, wani VPN na kyauta, yana sayar wa wasu damar bi ta layin masu amfani da shi.

Idan za ka riƙe VPN, ka nemi wanda aka san kamfaninsa da ƙasar da yake, wanda masu bincike na waje suka duba iƙirarinsa na rashin ajiye tarihi. Proton VPN na ƙasar Suwizalan yana da tsarin kyauta wanda masu biya ke ɗaukar nauyinsa, Mullvad na Suwidin kuma ba ya neman imel wajen rajista. Ka kunna Kill switch, wanda ke yanke intanet idan VPN ya faɗi, in ba haka ba a inda sabis ke yawan ɗaukewa kwamfuta za ta koma layin fili ba ka sani ba. VPN ɗin da aka maƙala a burauza ita kaɗai yake rufewa, ban da sauran manhajoji. Kuma a matsayinka na ɗan kasuwa, ka kashe shi kafin ka shiga banki, domin ganin an shigo daga wata ƙasa na iya sa a tsayar da shigar.

Tambaya: Kwamfutar ofis ce a hannuna, har gida nake zuwa da ita. In na yi amfani da tagar sirri a gida, ofis zai gani?
Daga wani ma'aikaci a Abuja

Amsa: Malam, ka ɗauka zai gani. Ka rubuta chrome://management a wurin adireshi, idan ta ce wata ƙungiya ce ke kula da burauzar, to akwai hannunsu a ciki, kuma chrome://policy zai nuna maka dokokin da suka sa. Ko ba ka ga komai a nan ba, ma'aikata na iya sa manhajar sa ido a kan Windows ɗin kanta, ko ta dasa tata takardar shaida da ke ba ta damar buɗe har shafukan https. Sa VPN a kai na iya saɓa ƙa'idar aikinka. Harkar kanka ka yi ta a wayarka da datarka.

Tambaya: Na duba farashin injin ɗinki sau ɗaya, yanzu duk shafin da na shiga tallarsa nake gani. Wa ya gaya musu?
Daga wata tela a Maraɗi

Amsa: Malama, shafin da kika duba yana ɗauke da 'yan guntayen manhaja na kamfanonin talla, kuma kamfanonin nan suna zaune a dubban wasu shafuka. Sun dasa miki kukis mai lamba a shafin farko, da kika je na biyu suka karanta lambar suka gane ki. Ba lallai su san sunanki ba, sai fa idan kina cikin asusun Google ko Facebook a wannan burauza, sannan ne lambar ke haɗuwa da suna.

Burauzoji sun bambanta sosai a nan. Safari ta toshe irin waɗannan kukis tun 2020. Firefox tun 2022 take ware wa kowane shafi nasa ma'ajin kukis, ta yadda na wannan ba ya bin ki zuwa wancan. Google, wanda talla ce babbar hanyar samun kuɗinsa, ya yi alkawari a 2020 zai cire su daga Chrome, ya yi ta ɗagawa, a 2024 ya janye. Ko tagar sirrin Chrome sai da aka kai ƙara a kanta a Amurka a 2020, kan cewa kamfanin na ci gaba da tattara bayanan masu amfani da ita, kuma a sulhun 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanai. Don haka a Chrome da hannu za ki yi: Settings, Privacy and security, Third-party cookies, ki zaɓi toshewa. A Edge ki mayar da Tracking prevention zuwa Strict.

A ganinmu abin da ya fi sauƙi shi ne burauza biyu. Ɗaya don imel da Facebook kawai, ɗaya kuma, Firefox, don bincike da karatu, ba a shiga kowane asusu a cikinta. Ki sa mata uBlock Origin, ƙarin manhaja mai toshe talla da masu bin sawu, ki mayar da injin bincikenta DuckDuckGo. Za ki ga har data tana ragewa, don tallar da ba a sauke ba ba a biya mata. Idan wani shafin biyan kuɗi ya ƙi aiki, ki latsa alamar garkuwa a gefen adireshi ki sassauta masa shi kaɗai.

Kada ki tara ƙarin manhajoji a burauza da sunan kariya. Da yawansu suna da izinin karanta duk abin da ke kan kowane shafi, kuma tarinsu na ƙara bambanta kwamfutarki da ta kowa. Masu bin sawu suna haɗa girman allo, nau'in haruffa, agogon yanki da ƙirar na'ura su gane mutum ko ba kukis. Shafin coveryourtracks.eff.org yana gwada wannan kyauta.

Tambaya: Ina aiki a kan wani rahoto mai haɗari. An ce Tor ya fi VPN. Gaskiya ne?
Daga wani ɗan jarida a Damagaram

Amsa: Wajen ɓoye wane ne kai, gaskiya ne, Malam. Tor yana bi da kai ta na'urori uku na 'yan sa-kai: ta farko ta san ka amma ba ta san inda za ka ba, ta ƙarshe ta san inda aka nufa amma ba ta san ka ba. Ka sauke shi daga torproject.org kaɗai. Kada ka ƙara masa komai, kada ka shiga asusun da ke ɗauke da sunanka, kada ka buɗe takardar da ka sauke alhali kana kan layi, domin tana iya kiran waje ta bayan Tor ta tona adireshinka. Kamfanin layi zai ga kana amfani da Tor, sai idan ka kunna abin da suke kira Bridge, wato ƙofar shiga Tor da ba a bayyana ta a fili ba. Yana da nauyin tafiya, bidiyo zai wahalar da kai. Idan kana tsoron a karɓe kwamfutar kanta, ka duba Tails, tsarin tafiyar da kwamfuta ne a madadin Windows, wanda ake tayarwa daga filash mai aƙalla gigabait 8, kuma ba ya barin sawu a kwamfutar bayan an kashe.

Tambaya: Zan kai laftof ɗina gyara, daga baya in sayar. Kalmar sirrin Windows ta isa ta hana a ga abin da ke ciki?
Daga wani malamin makaranta a Bauchi

Amsa: Ba ta isa ba, Malam. Idan ba a kulle faifan ajiya ba, ciro shi kawai za a yi a jona a wata kwamfuta, tarihin burauza da hotuna da takardu duk su buɗe ba tare da an nemi kalmar sirri ba. Abin da ke hana wannan shi ne BitLocker a Windows Pro, ko Device encryption a Windows Home idan na'urar na ɗauka. Yayin kunnawa akwai mabuɗin ceto mai lamba 48. Ka rubuta shi a takarda ka adana, domin idan mai gyara ya canza babban allon cikin na'urar za ta nemi wannan lamba, in babu ita bayananka sun tafi ke nan.

Kafin ka kai, ka kwafe muhimman fayiloli a wani faifan, ka fita daga asusunka a burauza, ka goge kalmomin sirrin da ta ajiye. Canjin gilashi, batir ko allon rubutu ba ya buƙatar shiga asusunka. In mai gyara na son gwaji, ka buɗe masa wani asusu na Standard, ka goge shi bayan ka karɓo.

Ranar sayarwa, goge fayiloli da hannu ba ya isa, akwai manhajojin da ke dawo da su. A Windows 11 ka shiga Settings, System, Recovery, Reset this PC, ka zaɓi Remove everything, sannan a Change settings ka kunna Clean data. Yana iya ɗaukar awanni, don haka ka jona caja a inda wuta ba za ta ɗauke ba, yankewa a tsakiya na iya barin na'urar ta ƙi tashi. Idan kuma ta hannu za ka saya a madadinta, ka yi mata wannan wankin kafin ka shiga kowane asusu, musamman in an cika ta da manhajojin da aka fasa. Ta cikinsu ne ɓarayin manhajoji masu kwashe kalmomin sirri da kukis daga burauza suka saba shigowa. Ka kuma duba ko tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025.